Yadda kundin manhaja ke gano kuɗin da suka maƙale a POS

Idan aka cire wa mutum kuɗi a wurin mai POS a kasuwar Azare, hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, amma na'ura ta nuna cinikin bai shiga ba, banki yana komawa ne ga kundin da manhaja ke rubutawa da kanta.

Manhajojin biyan kuɗi suna aiki ne da saƙonni. Zura kati saƙo ne, amsar banki wani saƙon ne, kuma na dubban mutane suna isowa a cakuɗe. Shi ya sa injiniyoyi ke saita manhajar rubuta kundi, irin su Log4j, ta sanya lokaci da lambar ciniki a kowane layi. Da lamba irin RRN da ke kan rasit ake bin sawun ciniki guda har inda ya tsaya.

Ana kuma zaɓar matakin rubutu. DEBUG na lokacin gwaji ne, INFO na aikin yau da kullum, ERROR kuwa na gazawa. Idan rubutu ya yi yawa sai ya nauyaya manhajar, idan ya yi kaɗan sai a rasa hujja. Lambar sirri ba ta shiga kundi, lambar kati kuma ana rufe tsakiyarta.

A shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna wa'adin sa'o'i 72 su warware cinikin POS da ya gaza. Wanda ya adana rasit ɗinsa ya sauƙaƙa wa kansa wannan bincike.