Ruwan Wata Guda a Dare Ɗaya: Abin da Ke Jiran Birnin Kebbi da Kalgo

Dattawan ƙasar Gwandu da suka ga farin 1973 da na 1984 har yau da ƙarancin ruwa suke auna sharrin damina. Jikokinsu kuwa da yawansa za su fi fama. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Dalilin shi ne Sahara na ƙara zafi. Hasashen masana shi ne ruwan zai riƙa sauka da ƙarfi a 'yan kwanaki, sannan ya ɗauke ƙafa lokacin da gero ke bukatarsa.

An riga an ɗanɗana. A 2010 ruwan da ya taho daga madatsar Goronyo ya mamaye garuruwan bakin Gulbin Rima, a 2020 kuma ambaliya ta cinye dubban ɗaruruwan kadada na shinkafa a Kebbi.

Inda abin ya fi ban tsoro shi ne bakin birni. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, Birnin Kebbi ke miƙewa wajen Kalgo, gonakin da ke shanye ruwa suna komawa filoti. Mai saye yakan zo da rani, ƙasa a bushe ƙamas, ba ya tambayar ta ina ruwa ke bi a watan Agusta. Ya ja katanga a kan hanyar ruwa, maƙwabci ya kwana yana kwalfe ɗaki da bokiti. Ƙauyuka irin su Dangoma, inda ginin laka ya fi yawa, ba sa ma bukatar gulbi ya cika. Ruwan kwana biyu a jere ya isa ya jiƙa gindin bango har ya zube.

Sai bazara. Zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, kuma dare ne ake hasashen zai ƙara tsanani, ga rufin kwano ga rashin wuta. Lokacin sanƙarau ke nan, kamar wanda ya ɓarke a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara. Abin da ya rage shi ne masu yanka filaye su san inda fadama ta tsaya kafin su kafa turaku.