YADDA NA GASA KEK A TUKUNYAR YASHI RANAR DA 'YARMU TA CIKA SHEKARA

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, labarin gidanmu ne.

Yayata da ke aure a Gwaram ta yi haihuwa biyu, duk ba su kai shekara ba Allah Ya karɓi abinSa. Don haka da ta uku ta doshi wata 12 lafiya lau har tana dafa bango, sai Yaya ta aiko mini Birnin Kudu cewa in zo, tana son haɗa ɗan shayi da kek ta kira maƙwabta. Ranar Laraba na hau mota da gwangwanayen gashi a cikin jakata.

Ina isa na tarar da ƙura ta tashi. Surukarta ta ce, "Mu dai suna muka sani da yaye. Wannan bazday ɗin kuma daga ina?" Yaya ta shige ɗaki tana hawaye. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Ba kiɗa, ba rawa, ba kyandir. Godiya za mu yi. Da safe a soya waina a raba sadaka, da la'asar mata su sha shayi." Ta daɗe ba ta tanka ba, can ta ce, "To, amma kada in ji an ci bashi." Wallahi maganar nan ta fi kek ɗin amfani. Nan take muka rage baƙi daga 40 zuwa 15, daidai ruwa daidai tsaki.

Ga abin da na auna da gwangwanin madara ƙarami: fulawa 3, sukari 1 da rabi, sai bota giram 250, ƙwai 5, bekin foda cokalin shayi 2, da dabinon Dutse guda 10 da na cire ƙwallon na yanka ƙanana. Da yake hunturu ne botar ta daskare, sai da na ajiye ta a rana ta yi laushi. Ki buga bota da sukari da muciya har su yi fari, don iskar da ke shiga lokacin bugun tana taimaka wa kek ya tashi. Ki riƙa sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ki tankaɗe fulawa da bekin foda ki zuba ki juya a hankali. Dabino ne ƙarshe.

Yaya ba ta da obin, sai muka zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya muka ɗora a garwashi. Ke dai bari 'yar uwa! Saboda gaggawa na cika wuta a ƙasa, zubin farko ya fito ƙasa baƙi ƙirin, ciki kuwa ɗanye sharaf, ga ƙwai ya kusa ƙarewa. Hajiya da ke zaune a tabarma tana kallona ta ce, "Ke 'yar nan, janye wutar ƙasan, ki ɗora garwashin a kan murfi." Haka na yi. Na bar yashin ya yi zafi tukuna, na shafa wa gwangwanayen bota, na zuba kwaɓin rabi-rabi, ban kuma buɗe ba sai bayan minti 20, domin yawan buɗewa na sa kek ya faɗa. Da na soka tsinke ya fito a bushe, har guɗa Yaya ta yi.

Shayin kuwa da citta da kanumfari da na'a-na'a muka dafa, muka cika filas biyu, ga cincin a tire.

Amma fa ki kula da yaran. Mai bikin ba mu ba ta shayi ba, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Ayaba muka dame mata, kek kuwa ɗan gutsure kawai ta ɗanɗana. Wata maƙwabciya ta so lasa wa ɗanta mai wata 7 zuma, na hana ta, domin likitoci sun hana ba jariri zuma kafin ya cika shekara. Gyaɗa guda-guda ma a ɗauke ta daga gabansu, tana shaƙe yaro. Kafin a watse na tuna wa Yaya cewa bayan allurar ƙyanda ta wata 9, akwai ta biyu a wata 15.

Da magariba ta gabato na hango Hajiya ta ɗaure kek biyu a bakin mayafi za ta kai wa ƙawarta, tana cewa, "Ai ni na nuna musu gashin." Muka kalli juna ni da Yaya muka ƙunshe dariya.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.