Furen Kanumfari, Ma'abocin Duwatsu

Duk wanda ya taɓa shan kunun zaƙi ko yajin da aka daka da kanumfari ya san ƙamshin nan mai ratsa hanci, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa Allah cikin hikimarsa ya ajiye irin wannan ƙamshi a cikin wani ɗan fure da ba shi da dangantaka ko ta kusa ko ta nesa da bishiyar kanumfari ta Zanzibar. Larabawa ba su wahalar da kansu ba, suna ɗaya suka ba su duka biyun, wato ƙaranful, masana tsirrai kuwa suna kiran danginsa Dayantus, sunan da malamin nan na ƙasar Suwidin, Liniyas, ya tabbatar a littafinsa na 1753. Turkawan daular Usmaniyya sun ƙaunaci wani babban fure daga cikin dangin nan har suka riƙa zana shi a jikin tangaran na garin Iznik, wanda aka ƙawata masallatan Istanbul da shi a ƙarni na 16.

Wanda nake nufi a nan shi ne wani ƙarami daga cikinsu, wanda ke fitowa da kansa a tsagar duwatsun farar ƙasa na kwazazzabon Cedda, a lardin Samaset na Ingila, inda doka ta haramta tuge shi. Tsayinsa bai cika wuce santimita 20 ba. Ganyensa sirara ne masu launin toka da shuɗi-shuɗi, a cure wuri guda kamar matashin kai, furensa kuwa ruwan hoda, bakinsa a tsattsage tamkar haƙoran zarto. Ba ya mutuwa da ƙarewar shekara, sai dai ya huta ya sake tohowa, shi ya sa masu lambu a Turai da Amurka suke jera shi a bakin hanya da tsakanin duwatsun da suka girka don ado.

To, ga inda mafi yawan mutane ke kuskure. Manomi ya saba da cewa kyautata wa shuka shi ne a ba ta taki da ruwa, alhali wannan tsiro, da yake ya tashi a inda ƙasa ba ta fi cikin tafin hannu ba kuma ruwan sama ba ya kwana, ɗabi'arsa ta masu zuhudu ce, israfi ne ke halaka shi. Idan aka dasa shi a laka mai riƙe ruwa, ko aka tula masa takin shanu a gindi, sai wuyansa, wato mahaɗar saiwa da ganye, ya ruɓe, a wayi gari tsakiyar curin ta yi baƙi, in ka ja da yatsa ya biyo ka ba saiwa. Sharaɗinsa rana ta sa'a 6 ko fiye, da ƙasa mai yashi da tsakuwa wadda ba ta da tsami. In da tsami, a barbaɗa 'yar farar ƙasa. Gindin kuma a kewaye shi da tsakuwa zalla, a dasa shi a ɗan tudu, kada a binne wuyan, a bar kamar santimita 30 tsakaninsa da ɗan'uwansa don iska ta ratsa. Ban ruwa sai ƙasa ta bushe.

In furen ya yi yaushi a sausaye shi da almakashi, sau da yawa yakan sake yin wani. Bayan shekara 3 ko 4 yakan tsufa ya yi sanƙo a tsakiya, maganin wannan kuwa mai sauƙi ne: a zare ɗan reshen da bai yi fure ba daga gaɓarsa, a cire ganyen ƙasa, a soka shi cikin yashi mai danshi a inuwa, cikin 'yan makonni ya yi saiwa.

A ƙasarmu zafin bazarar Sakkwato ko Maiduguri ya fi ƙarfinsa. Mai sha'awar jarrabawa, a ganina, ya nufi tudun Jos, inda akwai sanyi da duwatsu, amma ya sa shi a kasko mai huji, domin in marka ta kankama a watan Agusta ya ja shi ƙarƙashin rumfa.