Gajiyar da Hutun Sallah Bai Wanke Ba

Ga wani kacici-kacici. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Ta samu hutun babbar sallah, ta tafi gida da murna. Ranar dawowa aiki sai ga ta tana jan ƙafa, ido ya faɗa, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Me ya cinye ta?

Wanda za mu fara zargi shi ne aikin dare. To, ai a makon nan ba ta kwana asibiti ba. A sallame shi.

Ko kuɗi ne? Rago ya yi tsada, ga ɗinkin yara, ga goron sallah. Amma maƙwabcinta malamin makaranta shi ma ya sha wannan, ya kuma koma aji da fara'arsa. Da sauran rina a kaba.

Tsofaffin unguwa sun ce mai zama da masu taɓin hankali wata rana sai ya taɓu. Camfi ne, kuma yana cutar da majinyatan da masu jinyarsu.

Sauyin tsari fa? A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Doka ce mai kyau, ta kare haƙƙin majinyaci. Sai dai aiki ya ƙaru, hannu na raguwa: likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, wasunsu kuma na ficewa Ingila da Saudiyya. Mun kusa. Amma ai wannan nauyin a asibiti ta baro shi.

Ko kuwa?

Mu bi ta gida. Tana suyar nama, gwaggo ta yafito ta ɗaki, ta saki labule. "'Yar nan, ƙaninki ya daina barci, yana magana shi kaɗai. Kada kowa ya ji." Bayan la'asar, maƙwabciya. Ɗanta ne da ƙwaya. Dare ya raba, waya ta yi ƙara. Maganin wani ya ƙare.

Ashe ba ta taɓa tashi daga aiki ba!

Kowa ya juye mata damuwarsa ya tafi da sauƙi. Ita kuwa amana ta ɗaure mata baki, ko mijinta ba ta iya faɗa wa. Tana sauraron kowa, babu mai sauraronta. Masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Charles Figley, ya yi littafi a kan wannan gajiya ta tausayi a 1995: ciwon wasu kan taru a zuciyar mai jinya har ta dushe.

Tunda an kama ɓarawon, sai a tare masa hanya. Shugabanni su ware lokacin da ma'aikata za su zauna su amayar da abin da ke cikinsu. Kiran majinyata ya koma hannun mai aikin ranar. Gwaggo kuma a ba ta amsa cikin ladabi: "Gwaggo, na ji. Ki kawo shi ranar Litinin, ni da kaina zan haɗa ku da likita."