Daga Duban Wata Zuwa Kallon Taurari a Karaye da Rogo

Duk wanda ya taɓa kwana a Karaye ko Rogo ranar 29 ga Sha'aban ya san taron da ake yi bayan sallar magariba. Manya da yara kan fita bakin gari, ko su hau tudu, kowa ya zuba ido yamma yana neman jinjirin wata. In an dace, labari ya bi ta hannun dagaci da hakimi har ya kai fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. A Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin masu sha'awar taurari da ke haɗuwa da dare da na'urorinsu. Mu kuwa taronmu ya daɗe, sai dai ba mu cika yinsa ba sai bakin azumi da salla, kuma da an ga wata sai a watse.

Ra'ayina shi ne, a lokacin da ake watsewa ne kallo yake farawa. Mazaunin birnin Kano ya yi asarar yawancin taurarinsa ga hasken fitilu da hayaƙin motoci. Wanda ke ƙauyukan Rogo, ko gefen madatsar ruwa ta Challawa a Karaye, yana da duhun da masana ke tafiya mai nisa don nema. Kuma da yake muna kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, muna ganin taurarin arewa, muna kuma ganin mafi yawan na kudu, waɗanda mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga gidansa ba.

A nan bari in sa baki a matsayina na malamin ilmin halittu. A bayan ƙwayar ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Ɗaya na aikin rana da bambance launi, ɗayan na duhu. Na duhun ba sa kai ƙarfinsu sai an yi minti 20 zuwa 30 ba a kalli haske ba, kuma haska tocila ko wayar hannu sau ɗaya ya isa ya mai da aiki baya. Har wa yau, sun fi yawa a gefen ido bisa ga tsakiyarsa. Shi ya sa in ka dubi Kaza da 'Ya'yanta kai tsaye takan dushe, in ka ɗan kau da ido gefe kuma sai ta fito sarai. Ɗalibi ya jarraba a watan Nuwamba, lokacin da take hudowa gabas da almuru, kafin hazon hunturu ya yi kauri.

Sai Zara, wadda muke kira matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne: duniya ce kamar tamu, Larabawa na kiranta Zuhura. Takan yi watanni a yamma, ta ɓace, ta bayyana a gabas, zagayen kuma yakan ɗauki kwana 584. Ajin da ya riƙa rubuta inda take kowane mako zai gano haka da kansa.

Shi ma duban watan zai amfana. Daga haihuwar wata zuwa ta gaba kimanin kwana 29 da rabi ne, kuma jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba, da wuya ƙwarai ido ya kama shi. Wanda ya saba da sama ba zai ɗauki Zara ko guntun gajimare a matsayin wata ba, alhali azumin jama'a ya rataya a kan shaidarsa.

Ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar nan. Malam Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafi da taurari. Ranar 29 ga Maris, 2006, kuwa, mutanen Katsina da Gusau sun ga rana ta yi husufi gaba ɗaya da hantsi.

Makarantar da ke son somawa ba ta bukatar kuɗi. Filin ƙwallo, da tabarmi, da littafin rubutu sun isa, sai izinin shugaban makaranta da daren da babu farin wata. In an samu aron tabarau mai hangen nesa, za a iya hango watannin Mushtari huɗu da Galileo ya gani a 1610. A kuma gayyato dattijon manomi ko makiyayi ya faɗi sunayen taurarin da ya sani, ɗalibai su rubuta.