Marwari: Harshen 'Yan Kasuwar Rajasthan

Marwari harshe ne da ake magana da shi a yammacin jihar Rajasthan ta Indiya, musamman a yankin Marwar da ke kewaye da birnin Jodhpur, da kuma lardin Sindh na Pakistan. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna masu magana da shi sun kai kusan miliyan 7.8, amma an lissafa su ƙarƙashin Hindi. Ba ya cikin harsuna 22 da kundin tsarin mulkin ƙasar ya amince da su, kuma wannan rashi ne babba ga harshe mai tsohon adabi.

Da baƙaƙen Devanagari ake rubuta shi. A Pakistan kuwa da haruffan Larabci ake yi, kamar dai ajami. Fataken Marwari na da suna da rubutunsu na lissafi, Mahajani, wanda ba ya cika nuna wasula.

A Marwari, aikatau yana zuwa ƙarshen jimla ne, shi ya sa dole mai fassara daga Ingilishi ya juya tsarinta baki ɗaya. Mallaka kuma ana nuna ta da ro, ri ko ra, gwargwadon jinsi da adadin abin da aka mallaka.