Tukunya Da Yashi Sun Isa: Gasa Abin Tararka Da Hannunka

Duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya san ɗan lokacin nan da ke tsakanin darasi na uku da fita tara. Malam na gaban allo yana ta bayani, amma rabin ajin hankalinsu na wurin mai awarar bakin ƙofa. Wasu ruwan shayi kawai suka kurɓa da safe, wasu ko shi ba su tsaya sha ba don gudun bulalar makara. In an kaɗa ƙararrawa kuma, kuɗin tarar da ke aljihu ba ya kaiwa inda yake kaiwa a da. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, fulawa da sukari da mai suka yi tashin gwauron zabo, burodi ya ƙanƙance, biskit ɗin cikin leda ya ragu. Ka ci shi ka kora da lemon roba, kafin darasi na shida ciki ya koma kiran ciroma.

Ƙannena, ɗalibi na iya gasa abin da zai ci na kwana biyu ko uku a yammacin Lahadi ɗaya, ko da babu obin a gidansu. Gashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A cikin birnin Kano har unguwa ake da ita mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa, kuma har gobe a tanderu ake gasa gurasa: babbar tukunyar ƙasa ce da ake hura wa wuta a ciki, in ta yi zafi sai a manna ƙullun a jikin bangonta. Obin ɗin da kuke gani a bidiyon masu girki aikinsa ɗaya da tanderu, wato ya tsare zafi a wuri guda har ya ratsa abin da aka sa ta ko'ina. Tukunyar gidanku ma za ta iya.

A nemi tsohuwar tukunya mai kauri da murfin da ke rufewa ruf. Na ce tsohuwa, don yashi na ƙona gindin tukunya, kuma wanda ya ɗauki ta miyar Umma shi ya san amsar da zai bayar. A wanke yashi, a shanya ya bushe, a zuba a ciki kamar kaurin yatsa biyu. Yashin shi ke karɓar zafin wutar ya rarraba shi a hankali, don kada ƙasan burodin ya ƙone alhali cikinsa ɗanye. A kan yashin a ɗora faifan ƙarfe ko ƙananan duwatsu uku. A rufe a bar ta kan wuta minti 10 kafin a sa komai. In da gawayi ake aiki, a zuba ɗan garwashi a kan murfin, shi zai sa saman ya yi ja. Amma a tsakar gida ake wannan, ba a ɗaki a rufe ba, ko da sanyi ake. Gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kashe mutum yana zaune bai ankara ba.

Abin da ya fi ba masu koyo wuya shi ne tashin ƙullu, kuma a nan ne darasin bayoloji ke shigowa kicin. Yis ba gari ba ne kamar gishiri, halitta ce mai rai, dangin naman gwari, tana barci ne a cikin ledarta. In ta samu ruwa mai ɗumi da ɗan sukari sai ta farka ta fara ci, tana fitar da irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Iskar nan ita ke maƙalewa a cikin ƙullun ta kumbura shi, ita ce ƙananan ramukan da kuke gani in kun yaga burodi. Tunda mai rai ce, ruwan zafi na kashe ta, ruwan sanyi kuma na sa ta nawa. Ma'aunin mai sauƙi ne: tsoma yatsa, in za ka iya barinsa a ciki ba tare da ka ji zafi ba, ruwan ya yi. Kafin ka zuba fulawarka, gwada yis ɗin a rabin kofin ruwan ɗumi da sukari kaɗan. In bayan minti 10 bai yi kumfa ba, ya mutu, kada ka yi asarar gari a kansa.

Da gwangwanin madara za mu auna, don kowane gida akwai shi. Fulawa gwangwani 3, garin gero mai laushi gwangwani 1, yis ƙaramin cokali ɗaya da rabi, sukari babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 1 bai cika ba, man gyada babban cokali 2, sai ruwan ɗumi kamar gwangwani ɗaya da rabi. Kada a juye ruwan gaba ɗaya, gari ya bambanta wajen sha. A kwaɓa a murza a kan faranti ko tebur mai tsabta na tsawon minti 10. Hannu zai gaji, amma murzar nan ita ke sa fulawa ta yi danƙon da zai riƙe iskar yis. A shafa mai, a rufe da kyalle mai tsabta, a ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa. Da zafi awa ɗaya ta isa, da hunturu yana iya kai biyu. Sannan a danne shi, a raba gida takwas, a mulmula, a sa a gwangwanayen da aka shafa wa mai, a ba shi wata rabin awa ya sake tasowa. A gasa da wuta matsakaiciya minti 20 zuwa 25. Kada a riƙa buɗe murfi ana leƙe, duk buɗewa zafi ke gudu. In lokaci ya yi a soka tsinke mai tsabta a tsakiya, in ya fito ba ƙullu a jikinsa, ya gasu.

Wani zai ce tunda gero ya fi araha a wurinmu, me zai hana a yi da shi zalla? Ba zai tashi ba. Danƙon da na ambata alkama ke da shi, gero da dawa da masara ba su da shi, shi ya sa ake tsayawa a kashi ɗaya cikin huɗu. Ko wannan kashin ma riba ce. Gero na da sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen yin jini, dusarsa na sa abinci ya daɗe a ciki, kuma namu ne. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, ta Kadawa da kwarin Haɗeja da ake nomawa da rani ba ta isar ƙasar. Don haka duk sanda dala ta motsa, burodi ma sai ya motsa. Wata ribar ita ce ka san abin da ka sa. Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sa sinadarin buromet a burodi saboda illarsa ga lafiya, amma ɗalibin da ya saya a bakin titi ba shi da hanyar sanin ko mai gidan burodin ya bi doka.

Burodi shi kaɗai ba ya riƙe ciki har a tashi makaranta, sai an haɗa shi da abin gina jiki. A soya gyada, a murje ɓawon, a kai inji a markaɗa ba ruwa, a sa ɗan gishiri. A shafa a tsakiyar burodin, in da dabino a yayyanka biyu a ciki. Wannan ya fi duk wani biskit mai ruwan sukari a tsakiya da na sani. Sai dai a tsince gyadar sosai. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko take ɗaci, a zubar, don tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Na san akwai samarin da tun sakin layi na uku suka ce wannan shafin 'yan mata ne. To, ku leƙa gidan burodin unguwarku ku ga su wa ke murza ƙullu da tsakar dare, ku dubi mai shayi da mai tsire. Mu da ke jami'a muna ganin yadda wanda bai iya komai ba ke ƙarar da kuɗin wata a sati biyu, ya koma garin kwaki da ƙuli.

Wanda yis ya ba shi tsoro ya fara da gireba, ba ta buƙatar tashi. Fulawa ce da niƙaƙƙen sukari da man gyada, ba a sa ruwa ko ɗigo. A murza har in an dunƙula ya tsaya, a cika cokali mai zurfi a danne a kife, a barbaɗa riɗi, a gasa a tukunyar nan da wuta kaɗan. Tana yin sati a gwangwani mai murfi, amma ita ta marmari ce, mai da sukarinta da yawa. Kantun riɗi ma bai fi minti 15 ba: a soya riɗi sama-sama, a narka sukari, a juye a gauraya, a baza a faranti mai mai, a yanka tun bai huce ba. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna kuma yana manne wa fata, saboda haka a kori ƙananan yara daga wurin.

Burodin gida ba shi da maganin hana lalacewa. A bar shi ya huce sarai kafin a ɗaure a leda, in ba haka ba zai yi gumi ya yi saurin fumfuna. Da hunturu yana kai kwana uku, da damina kada ya wuce biyu. In aka ga tabon kore a gefe ɗaya, duka za a yar, yanke wurin ba ya wadatarwa. Wanda ya fara tauri kuma a yanka shi siriri, a mayar tukunyar ya bushe ƙarau, a ci da kunun gyada safiyar Laraba.